Algaitar Maƙwabcina da Tantabaruna

Duk wanda ya ce algaita tana da daɗi, ban yafe masa ba sai ya yi wata guda a ɗakina na unguwar Shahuci.

Maƙwabcina mabushi ne, asalinsu Barno, katanga ɗaya ta raba mu. Ana idar da la'asar zai hau soro, ya jiƙa ɗan karan bakin algaitar da yawu, ya kumbura kumatu kamar ya haɗiye ƙwarya biyu. Kuma ba ya tsayawa shan iska. Ta hanci yake ja, baki na aikinsa, sai ka rantse ba mutum ba ne, zugazugin maƙera ne.

Ni kuwa tantabaru nake kiwo, su ne farin cikina. Da ya busa sai su watse. Masu kwanci suka bar ƙwai ya huce, mazan suka fara kwana a waje.

Na leƙa ta katanga na ce, "Malam, don Allah akuyar da kake yankawa kullum ba ta mutuwa ne?"

Ya cire ta daga baki ya ce, "Alhaji, manya na biya su ji wannan. Kai kyauta kake sha, har da ƙorafi?"

Na kai ƙara wajen mai unguwa. Dattijon ya fusata, ya ɗauki sandarsa, muka taho ina gaba ina taƙama. Muna shan kwanar lungu, mugun ya hango mu daga soro. Sai ya saki taken gidan su mai unguwa, wanda ake busa wa kakansa.

Wallahi ina gani dattijo ya ƙara tsawo. Tafiyarsa ta sauya, ya gyara rawani, ido ya ciko. Ya ɗaga hannu ya jinjina.

Na ce, "Baba, tantabarun fa?"

Ya ce, "Yi mana shiru, kai! Tsuntsu ba shi da fiffike ne? Ya nemi wani wuri mana."

Tantabarun kuwa suka ji shawararsa. Kafin sati ya zagayo, ɗakin tantabaruna ya zama kango. Ban san inda suka koma ba, amma na tabbata garin da babu algaita ne.

Har yau yana busawa. In mun haɗu a masallaci ina amsa sallamarsa, don wajibi ce. Amma kumatun nan, ina addu'ar ranar da za su yi faci kamar tayar keke.