Wayoyin da Ke Zuwa a Baƙar Leda

Ina ɗan shekara goma sha biyu farfaɗiya ta fara kayar da ni, a gonarmu ta bayan gari a Kademi. Tun daga ranar aka shata mini iyaka. Kada in je bakin rijiya, kada in matsa kusa da murhu, kada in hau bishiya ko keke. Kwanona daban, moɗata daban, domin duk garin an yarda cewa wanda miyauna ya taɓa shi ma ya kamu. Ba ƙina ake yi ba. Innarmu takan zaɓo mini tsoka mafi girma, sai dai a cikin kwanon nan da ba mai taɓawa take saka ta.

Sa'o'ina suka tafi ci-rani, suka dawo da babura, suka yi aure. Ni kuwa aikina ɗaya ne: in an shanya gero ko gyaɗa, in zauna da tsumagiya ina korar kaji da awaki. Ƙato da gemunsa, yana wuni yana faɗa da kaza! Na tsani zaman nan, na tsani zauren gidanmu, wani lokacin har masu tausaya mini nake jin haushi. Na je wurin mai walda, na je wurin mai faci, na je wurin mai injin niƙa. Kowanne sai ya saurare ni da kyau, ya ce Allah ya ba ni lafiya, sannan ya koma kan aikinsa har in gaji da tsayuwa in tafi.

Yayana ne ya fara buɗe mini hanya. Shi ya goya ni a babur zuwa asibiti a Gaya, ya ɗaure ni a ƙugunsa da rawanin babanmu don kada abin ya zo a hanya in faɗo. Ma'aikaciyar da ta duba ni ta ɗora ni a kan ƙwayoyi, kuma a gabansa ta ce wannan ciwo ba a ɗaukarsa, ko a kwano ɗaya aka ci. Ya gyaɗa kai. Faɗuwar ta ragu sosai, har nakan yi watanni lafiya lau. Shi ne kuma ya jiyo labarin wata cibiya a Gaya da ke koya wa matasa sana'a, ya sa aka rubuta sunana a ajin gyaran waya.

Ranar farko ban ɓoye wa malamin komai ba. Na riga na shirya jin addu'ar sallama irin wadda na saba ji. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "To, in ta zo, me za mu yi maka?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na ce a kwantar da ni a gefe ɗaya, a janye ƙarfen dalma mai zafi, kuma don Allah kada a cusa mini cokali a baki. Washegari na tarar ya sa an yanke ƙafafun wani tebur, ya shimfiɗa mini tabarma, don ko na faɗi daga zaune ne. A nan na koyi kwance waya, canza gilashi da wurin caji, da gane wadda ta sha ruwa. Sau ɗaya abin ya zo mini a aji. Na farfaɗo na ga 'yan ajin sun cunkushe a bakin ƙofa, shi kuwa yana zaune kusa da kaina yana yi mini fifita da kwali.

"Ɗan Kademi, in ka gama hutawa, ga wayar mutane can tana jiranka," in ji shi.

Da muka gama aka ba kowa akwatin kayan aiki. Na kafa 'yar rumfa a kasuwar garinmu, raina fes. Mutane suka zo, suka yi mini murna, suka yaba akwatin, suka wuce da matattun wayoyinsu a aljihu. Kasuwa ta ci, ta sake ci, ban kwance ko ƙusa ɗaya ba. Mai kayan miyan da ke gefena ce ta ji tausayina ta fasa mini ƙwan.

"Ɗan nan, ai an ce masu gyara da baki suke hure ƙurar waya. Ita kuwa waya a baki ake kara ta."

Na sayo robar hura iska, na rataye ta a gaban rumfa inda makaho ma zai lalubo ta. A banza. Damina ta faɗi, iska ta yaye rumfar, ban ko tayar da ita ba.

Da malamin ya ji, sai ya kira ni. Yana da shago a Gaya, aiki ya yi masa yawa. Ya ce zai riƙa ƙulla wayoyi a baƙar leda ya ba wani direba ya kawo mini, in gyara in mayar. Amma ya roƙe ni abu ɗaya: kada kowa ya sani. Mutanen ƙauyukanmu su ne rabin masu kawo masa aiki, in suka ji hannun da ke taɓa wayoyinsu, daga ni har shi mun tashi a tutar babu. Na yarda, ina da zaɓi ne?

Haka nake aiki har yau, a ɗakina, ƙofa a saye. Ni nake sayen maganina, ni nake sayo wa Inna sukari da sabulu, kuma na gode wa Allah, na gode wa mutumin nan. Sai dai a gari har yanzu ni ne wanda ya koyi sana'a ta ƙi shi. In direban ya tsaya, mutane sun ɗauka saƙon magani ne.

Ran nan na kwance leda na ga wata waya an ɗaure bayanta da kyauron roba. Na shaida ta tun kafin in jona ta da wuta. Na canza mata wurin caji, ta kawo, sai ga hoton 'yar yayana ta fari tana dariya da wawulonta. Kwana biyu kafin nan na ji Yaya yana cewa zai shiga Gaya sayen taki. Ashe ya wuce ƙofar ɗakina da ita a aljihu, ya ƙona mai har Gaya, ita kuma ta biyo mota ta dawo gidan da ta fito. Na daɗe zaune da ita a tafin hannuna. Na san yaransa suna wasa da ita, suna sa ta a baki, na san tsoro ne ba ƙiyayya ba. Sanin bai rage mini komai ba, kuka na yi sosai. Sannan na gyara mata sifikar da ba a ma ce a gyara ba, na goge ta tas, na mayar cikin leda.

Bayan ya karɓo ta, ya same ni a ƙofar gida da la'asar sakaliya. Ya zauna kusa da ni, ya kunna karatu, sauti ya fito garau.

"Ka ji aikin gwanaye," ya ce. "Malamin nan naka ba dama. Kai ma kada ka karaya, ƙanena. Ka riƙa taɓa kayan nan ko don kada ka manta. Wata rana za ka kai haka."

Saura ƙiris in faɗa masa gaskiya. Kalma biyu kawai, ni ne. Na dubi fuskarsa, da gaske yake ƙarfafa mini gwiwa. Na tuna gobe direba zai tsaya da wata ledar.

Na ce, "Allah ya sa, Yaya."