Kurakuran da Yaya Ya Bar Mini

Yayana ne ya rubuta manhajar sayar da tikiti ta wani kamfanin motoci a Jabi, a shekarun da Abuja ke ta gine-gine, kowane ofis na neman mai kwamfuta. Shi ya koya mini C++, yaren da ake rubuta manhajar da shi. Tare muke fitowa daga Mararaba da safe, yana ta bayani a cikin bas, ni ina gyangyaɗi. Da ya rasu, kujerarsa aka ba ni.

Ban daɗe ba muka sauya kwamfaila, wato abin da ke karanta rubutunmu ya mai da shi manhaja. Sabon ya ƙi aikin Yaya ƙememe. Yaya ya gina aji guda a ƙasa, wato wani rukuni na rubutun manhajar, sauran azuzuwan suna gadon kayan da ke cikinsa, kuma duk template ne, ba a sanin irinsu sai an zo amfani. Tsohon kwamfaila mai sauƙin kai ne, da ka ambaci suna zai leƙa ƙasa ya ɗauko. Sabon kuwa ɗan ƙa'ida ne, in ba ka sa alamar this-> a gaban sunan ba, sai ya ce bai san shi ba. Allo ya cika da jan rubutun kurakurai.

Oga ya leƙo. "Malama, in manhajar nan ba ta tashi zuwa Juma'a ba, new one za mu saya, mu yar da wannan."

"Za ta tashi, Oga."

Akwai gajeriyar hanya, na san ta sarai: in sa kalmar using a saman kowane aji, ta gabatar da sunayen sau ɗaya, in huta. Ban bi ta ba. Duk inda kwamfaila ya yi ƙorafi, can nake zuwa, in karanta abin da ke sama da ƙasa kafin in gyara. Yaya mutum ne mai surutu ko a rubutu. A gefen wani layi ya ce kar a taɓa nan, shi ma bai san yadda yake aiki ba. A wani wurin ya ce yunwa ce ta rubuta wannan, a yi haƙuri. Na yi dariya har mai shara ta waiwayo, sai kuma na shiga kewarsa.

Ranar Alhamis da la'asar manhajar ta tashi sumul. Oga ya yi hamdala, ya aika a sayo lemo. Ni dai na zauna ina kallon allon, babu sauran abin da zai kai ni wurin Yaya. Wallahi na so a ce ya bar mini ko da kuskure ɗaya ne.