Jar Gwandar Yaya Bulus

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bulus, kuma har gobe in ka ce "jar gwanda" a kasuwar Kafanchan, sunansa za a kira maka. Ni kuwa, ba yabon kai ba, ni na gaji idonsa. Na sha faɗa a majalisa cewa ko a kan keke nake, ina sheƙa gudu, in na hango dashen gwanda mai ganye huɗu zan gaya maka namiji ne ko mace, har da yawan 'ya'yan da za ta haifa.

Ga wanda bai taɓa noma ta ba, gwanda tana da maza da mata. Namijin sai dai ya yi ta zubo dogayen furanni kamar ango, ba ɗa ba jika, kuma ba za ka gane shi ba sai ka kashe watanni kana ban ruwa. Yaya Bulus kuwa sai ya tsuguna gaban dashe, ya cire hula, ya ɗan rera waƙar coci ta hanci, ya ce, "Wannan amarya ce." A lambunsa na bayan layin dogo namiji ɗaya tak na taɓa gani, can a kusurwa, wanda yake kira Mai Unguwa.

Bayan rasuwarsa lambun ya yi ta mutuwa a tsaye. Awaki suka ci nasu, iska ta kwantar da sauran. Abin da ya rage na irin nan mai zaƙi kamar zuma shi ne 'yan ƙwayoyi cikin kwalbar toka a ɗakin matarsa, Saratu. Bara ta ba ni rabi. In kwalbar nan ta ƙare, jar gwanda ta bi mai ita.

Da na tashi shuka su ne kaina ya fara juyawa. Ni dai na tuna Yaya ya ce mini a duba saiwa: miƙaƙƙiya guda ɗaya namiji, mai rassa mace. Amma Ardo Jibo, abokinsa na ruga, ya rantse cewa a ƙwaya ake ganewa, baƙa wuluk mace, mai haske namiji. Dattijon cocinmu ya ce duk mun ɓata, yatsun ganye ake ƙirgawa. Kowannenmu kuma daga bakin marigayin ya ji. Don kada in ɓata wa kowa rai, na haɗa duka ukun, na tumɓuke maza na zubar.

Jama'a, da fure ya fito, na tara bataliyar soja. Ko mace ɗaya babu. Na kafa musu ƙusa kamar yadda tsofaffi suka ce, na datse kan wasu, har zanin matata na ɗaura wa mafi girmansu ko kunya za ta sa ya haihu. Sai ma ƙara fure ya yi.

Malamin gona da ya zo kallo ya ce wai a ƙasar Turawa an fara tsinkar ganye a kai ɗakin bincike, a karanta gadon da ke cikin jinin shuka, tun tana jaririya a san jinsinta. Na yi ta tunanin abin da Yaya zai ce. Ina jin zai cire hula ya tambaya, "To su wace waƙa suke rerawa?" A lokacin na rasa ko da sirrin ya tafi, ko tsokanarmu ya yi ta yi mu uku, ko kuwa kunnuwanmu ne suka tsufa. Abin da na tabbatar ya bari shi ne rabin kwalba, da mutum uku da ba sa haɗuwa sai sun yi gardama a kansa sun ƙare da dariya.

Da ruwan bana ya sauka na je wurin Saratu karɓar sauran irin. Na tarar har ta shuka abinta a bayan madafa, uku-uku a kowane rami. Na ce ai sai ta kira ni ranar zaɓen mace da namiji, tunda ni na gaji idon.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Mijina, wane ido? Yayanka ma uku-uku yake shukawa. In sun yi fure ya sare mazan kafin ku gama shan koko. Duk gidan nan kai kaɗai ka yarda da shi."