Mai Hankalin Aji Biyu

Ana idar da sallar asuba muka bar Kinkinau, mu uku, ma'aikatan lafiya da aka tura makarantun firamare mu duba ko akwai yaran da ke cikin damuwa. Kwana na huɗu ke nan muna wannan zagaye, ƙafafuna duk sun kumbura. Mai keke ya tsuga mana kuɗi, ya ce mai ya tashi. Ko ƙarfin ciniki ba ni da shi. A Kawo muka sha koko da ƙosai a tsaye, ƙosan kuwa ya rame fiye da ni.

Makarantar da za mu duba ranar tana bayan tasha. Muka tarar hedimasta ya riga ya yi mana aikinmu: ya jera 'yan ƙiriniya a ƙofar ofis.

"Ga marasa jin nan, Hajiya, ku yi musu magani."

Duk inda muka je haka ake yi mana, kuma abin ya ishe ni. Na zauna da su ɗaya bayan ɗaya. Lafiyarsu ƙalau, yunwa ce da matsatsin benci.

Na matsa sai na shiga aji biyu da kaina. Can jikin taga na hangi wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba, ta ɗora hannuwa a cinya.

Malamarta ta ce, "Wannan ku bar ta, ita ce mai hankalin ajin. Har kyautar natsuwa muka ba ta."

Na ce tun yaushe take haka. Malama ta ba ni labari. Ashe da can aku ce wajen surutu, sai bayan hutun da babanta ya rasu ta daina magana. Na zauna kusa da ita, na miƙa mata fensir da takarda. Ta riƙe kawai. Abincin tararta yana cikin jaka, ko buɗe shi ba ta yi ba.

Na buga wa uwar yarinyar waya, tana wurin aiki a Doka. Da zafi ta fara.

"Hajiya, 'yata ba mahaukaciya ba ce. Kowa yabonta yake yi."

Na ce ba hauka nake nufi ba, baƙin ciki ne, kuma yaro ma yana yinsa. Sai ta sassauta murya.

"Wata huɗu ban ji dariyarta ba," in ji ta. "Na ɗauka haƙuri ne Allah ya ba ta."

Ta yarda za ta kawo ta asibiti ranar Alhamis.

Sai bayan la'asar na iso gida, na zube a tabarma ko mayafi ban cire ba. Raina ya ɓaci, kuma har da kaina nake fushi, don ni ma sau nawa na ga yaro ya yi shiru na sa masa albarka na wuce. Mai ƙiriniya ko ba komai ana kiran sunansa kullum. Ita wannan wata huɗu tana makoki a gaban kowa, aka tafa mata.