Garin da Malam Ya Zaɓa a Bakin Teku

Mijina ya yi shekara talatin da ɗoriya yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Wagadugu da bakin teku. Lome, Tema, Kwatano, ya san hanyarsu kamar yadda na san hanyar gidanmu na Zongo zuwa kasuwar Sankaryaaré, inda nake da rumfar kayan miya. Malam nake ce masa, ko da yake ba malami ba ne. Mahaifinsa ne mai makarantar allo, shi sunan kawai ya gada.

In ya dawo daga tafiya, abu ɗaya ke fitar da shi daga gida, kamun kifi. Sai ya ɗaure sandar fatsa a bayan babur ya nufi baraji, madatsar ruwan garinmu, ya wuni, ya dawo da tarwaɗa biyu ko uku masu warin taɓo. Yakan ajiye su a gabana ya ce, "Wannan ai ba kifi ba ne, Hajiya. Ranar da kika ga na teku za ki san ana cutarmu a garin nan."

Da ya ajiye aiki, abin da muke kira retret, na ɗauka zai zauna a ƙofar gida kamar sauran tsaransa. Sati uku kawai ya yi. Wata rana bayan la'asar ina tsinke zogale ya jawo kujera kusa da ni ya ce ya yanke shawara, bakin teku za mu koma, can zai ƙarasa kwanansa. Ya ce gari uku ne a ransa, kuma ba zai zaɓa shi kaɗai ba, sai na je na gani da idona.

Ban ce a'a ba. Wannan ne kuskurena na farko. Na ce a raina in muka je na nuna masa aibin kowane gari, zai haƙura da kansa, ba sai na ɓata masa rai ba. 'Ya'yanmu mata biyu suna gidajen mazajensu, ɗaya a unguwar Cissin, ɗaya a Wemtenga, duk a nan Wagadugu, kabarin mahaifiyata yana nan, rumfata tana nan. Me zan je yi a inda ba wanda ya san kakata?

Muka shiga mota bayan ƙaramar salla. Keta muka fara zuwa, a ƙasar Gana. Gari ne siriri, teku a hannun dama, tafki a hannun hagu. Malam ya tsaya yana kallon masunta suna jan taru, bakinsa a buɗe kamar wanda ya ga Ka'aba. Wani dattijo ya nuna mana inda gidan kakansa yake a da, ya miƙa hannu can cikin ruwa. Na riƙe wannan. Da muka koma masauki na ce, "Malam, garin da ruwa ke ci za ka kai ni? Ga shi ba ma jin Turancinsu." Ya ce gaskiyata ce.

A Aneho, cikin Togo, na ce sauro ya yi yawa. Ya ce kifin ma ƙanana ne. Na ji daɗi, na ɗauka ya fara sanyi.

Na uku wani ƙauye ne gaba da Grand-Popo, a ƙasar Benin, kusa da inda kogi ke shiga teku. Nan ya nuna mini abin da yake nema tun farko. Ya ce a irin wannan wuri kifin ruwan daɗi da na ruwan gishiri suke haɗuwa, mutum ba ya bukatar jirgi, daga gaɓa ma zai kama abin da zai ishe shi. Akwai itatuwan kwakwa, akwai iska mai sanyi, mutanen suna jin Faransanci. Na duba, na duba, na rasa abin kushewa. Sai na ce, "To ina masallaci?" Ya yi murmushi ya kai ni bayan kasuwa. Ga ɗan masallaci nan na kwano, limaminsa ma Bahaushe ne daga Dosso, har ya sa matarsa ta dama mana fura.

A kan hanyar komawa ya ce, "Kin ga Allah ya zaɓa mana."

Sai a lokacin na faɗi gaskiya, cikin mota, mutane na ji. Na ce, "Ni ba inda za ni, Malam. Tun daga gida na san ba zan je ba."

Daga baya ya ce, "Da kin faɗa tun a gida, da ban gan shi ba." Bai sake tayar da maganar ba har muka iso Zongo.

Bayan wata biyu ya tafi shi kaɗai. Ya ce gwaji ne na wata uku, in ya gyara wuri wataƙila zuciyata ta sauko. Abin da ya kamata na tsaya a kai, ban tsaya ba: Malam yana da ciwon suga. Shekara tara ni ke auna masa abinci, ni ke tuna masa da magani, ni ke duba tafin ƙafarsa duk Juma'a kamar yadda likita ya ce, saboda ƙafar ta riga ta daina jin zafi, ko ƙaya ya taka ba ya sani. Na zuba masa maganin a leda, na ce ya kula. Haushinsa nake ji, shi ma yana jin nawa.

Yakan kira ni da safe. Kullum labari ɗaya, kifi ya yi yawa, har kyauta yake yi. Ya turo wa 'yarmu ta Wemtenga hotonsa riƙe da wani ƙaton kifi ja, ta kawo mini waya rumfa ta nuna mini. Na ce madalla. Har na fara tunanin ko ni ce na yi wauta.

A wata na uku sai ga kira daga lambar da ban sani ba. Limamin nan ne. Bayan gaisuwa ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Maigidanki ya hana ni kiranki, amma ba zan iya yin shiru ba. Ki zo."

Kwana biyu na yi a hanya. Tun daga ƙofar ɗakin na ji warin. Yana kwance a tabarma, ya rame, ƙafarsa ta dama naɗe da tsumma, ta kumbura har gwiwa. Da ya gan ni sai ya juya fuskarsa bango.

Liman ne ya ba ni labarin a waje. Ya ce kifin ya ja baya daga gaɓa shekaru da yawa, su kansu masuntan sai sun yi nisa cikin teku, kuma sau da yawa taru ba ya cika ƙwarya. Malam ya yi sati biyu yana jefa fatsa ba abin kirki. Sai ya roƙi masunta su tafi da shi a jirgi. Sau ɗaya suka ɗauke shi, ya yi ta amai har suka juyo da shi, suka yi asarar wuni, ba su sake yarda ba. Kifin hoton nan a hannun wata mata ya are shi. Daga nan ya koma shiga ruwan kogi ba takalmi, yana neman wuri mai zurfi. Wani abu ya yanke shi a tafin ƙafa, ko kwalba ko ƙwanson kawa, bai ji ba. Sai da ya ga jini a tabarmar masallaci.

Na koma ciki na zauna kusa da shi na fara kwance tsumman. Ya ce, "Kar ki duba."

Na ce, "Aikina ne ai."

Yatsu uku sun riga sun yi baƙi. Ban yi kuka ba a lokacin. Na tambaye shi me ya hana shi dawowa tun da ya ga ba kifi. Ya ce, "In dawo in ce miki me?"

A asibitin babban gari suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Mun yi sati biyar a can, ina kwana a barandar asibiti tare da matan da ba na jin yarensu, suna ba ni ruwan zafi ina ba su yaji. Liman yakan zo duk kwana uku da abinci daga matarsa. Ranar da za mu taho ya kawo kayan Malam a buhu. Malam ya ce ya bar wa masuntan duk abin da zai yi musu amfani, tufafinsa kawai yake so.

Mun dawo Zongo da damina, ruwa ya cika lungunmu, mota ba ta shiga. Surukanmu biyu suka ɗauko shi a kujera daga bakin titi har gida, maƙwabta suna tsaye a ƙofofinsu suna yi masa sannu. Ya rufe idonsa har aka shigar da shi ɗaki.

Shekara ɗaya da wata huɗu ya ƙara a duniya. Na bar wa ƙanwata rumfa na zauna da shi. Ba mu yi faɗa ba, ba mu kuma yi hira sosai ba. Mutane suna zuwa dubiya suna cewa ƙaddara ce, muna amsawa. Wasu matan in sun fita tsakar gida sai su ce mini ai na yi dabara da ban bi shi ba.

Sau ɗaya kawai muka taɓa maganar. Ina shafa masa mai a ƙafar da ta rage, sai na ce, "Malam, ka yafe mini."

Ya ce, "Na me?"

Na ce, "Da na bi ka, da na ga ciwon tun ranar farko."

Ya ce, "Da kin bi ni, da yanzu kina can kina wanke wa mutane kifi, kina tsine mini a zuci." Ya ɗan yi dariya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Ni ma ki yafe mini ƙaryar da na yi ta yi miki a waya."

Na ce na yafe. Ya ce shi ma. Sai ya ce in ɗaga shi ya yi alwala, an kusa kiran azahar.

Ya rasu wata ranar Talata da hantsi, ƙodarsa ce ta tsaya. Bayan na fita takaba 'ya'yana suka so in koma wurin ɗayansu, na ƙi. Ina nan a gidan. Ɗakinsa na ba wa wasu mata biyu da rikici ya koro daga arewacin ƙasarmu, uwa da 'yarta, kuma tare muke girki.