Roƙon da Muka Kai Gidan Sistoci

Kwalejin 'yan matan da na yi karatu, na kuma dawo na koyar, sistocin Katolika ne suka kafa ta a bayan garin Lafiya, tun ajujuwa na rufin ciyawa. Mahaifiyata tana cikin 'yan ajin farko. Ta ce Turawa mata uku ne suka zo, suna bin ƙauyuka a kan keke har Agyaragu, suna lallashin iyaye su ba da 'ya'ya mata. Biyu a nan suka rasu, kaburburansu na bayan ɗan cocin makaranta. Ta ukun ita ce wadda kowa ke kira Sista kawai, kamar babu wata a duniya.

Matar nan akwai faɗa! In kika makara, tun daga baranda za ki ji, "Kai, yarinya, ƙafarka ya karye ne?" Hausarta ta kasuwar Lafiya ce sak, ba ruwanta da mace ko namiji. Amma da azumi ita ke sa a dafa mana sahur, mu Musulmi. Gwamnati ta karɓi makarantu, sauran sistocin da suka zo daga baya suka watse, ita ko gezau. Har gurbin kabarinta ta zaɓa, kusa da 'yan'uwanta biyu, ƙarƙashin wani mangwaro. Duk damina sai ta ja wa mai lambu kunne kada ya kuskura ya shuka rogo a wurin. "Nan ɗakina ne," in ji ta.

'Yan shekaru bayan Lafiya ta zama babban birnin jiha, Sista ta fara mantuwa. Rannan ta faɗi a banɗaki. Ba a jima ba shugabarsu ta iso daga ƙasarsu, aka ce za a mayar da ita can, gidan da ake jinyar tsofaffin sistoci.

Mu tsofaffin ɗalibai muka ce wallahi ba za ta saɓu ba. Muka yi abin da muka sani, muka haɗa tawagar roƙo. Aka kawo doya daga Agyaragu, da gishirin Awe, wata 'yar Fulani da ta zama nas ta zo da rago. A wurinmu in dattawa suka durƙusa maka da kaya a gabansu, ko zuciyarka dutse ce za ka ce, "To, zan duba." Ko kusa ba mu kawo wa ranmu za mu dawo hannu Rabbana ba.

Mahaifiyata ce ta yi magana, ni ina juyawa da Turanci. Ta durƙusa da gwiwarta mai ciwo, duk muka bi ta.

"Ranki ya daɗe, ki bar mana uwarmu," ta ce. "Mu za mu yi jinyarta. Ta wanke mu muna yara, mu ma za mu wanke ta."

Shugabar ta ruɗe, tana ta ƙoƙarin ɗaga mu ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zubo mata. Ragon kuma sai kuka yake a bakin ƙofa. Daga kujerarta Sista ta daka mana tsawa.

"Ku tashi! Na riga na ce to."

Raina ya ɓaci, na manta da wa nake magana. "Haba Sista! Kina son tafiyar ne?"

"Ba na so," ta ce. "Da aka ce in zo nan ma ban so ba, na ce to."

Ashe alkawarin biyayya ta ɗauka tun tana budurwa, kuma a wurinsu ba a roƙo a kansa. Mun zo roƙon wadda ba ta da ikon janyewa, a kan wadda ba za ta ce a'a ba. Ban taɓa jin na zama banza irin na ranar ba. Doyar da ragon aka kai kicin ɗin ɗalibai.

Bayan kamar shekara biyu da tafiyarta, ina ofishin malamai wayata ta yi ƙara da wata doguwar lamba. Wata mai jinya ce daga can. Ta ce Turancin Sista ya gudu, wani yare kaɗai take yi, kullum magana ɗaya take nanatawa, ba wanda ke ganewa. Ko zan saurara in gaya musu abin da take so, su kawo mata?

Muryar Sista ta zo a shaƙe, amma faɗan na nan.

"Kai, yarinya, ka gaya wa mai lambu kada ya sa rogo a ɗakina. Ina zuwa."

Ta tagar ofishin ana hango bayan coci. Rogon ya kai ƙugu.

Mai jinyar ta karɓi wayar tana tambaya, "Me ta ce? Me za mu kawo mata?" Na buɗe baki, Turancin nawa ma ya ƙi fitowa. Na roƙe ta ta mayar wa tsohuwar wayar.

Na ce, "To, Sista."