Auta Mai Jiran Kira

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana koyar da tuƙin ƙananan jirage kafin wani babban kamfani ya ɗauke shi mataimakin matuƙi. A gidansu shi ne babban wa, furfura ma ta fara leƙowa a gemunsa, amma a jerin matuƙan kamfanin sunansa ne can ƙasa, don shi aka ɗauka daga baya. Sai abokan aiki suka laƙaba masa Auta.

Duk tsakiyar wata, kowane matuƙi yakan shiga kwamfuta ya zaɓi tafiye-tafiye da ranakun hutun da yake so a wata mai zuwa. Waɗanda suka daɗe a aiki ake fara ba, abin da ya rage shi ne rabon na ƙasa. Duk da haka Auta yakan zauna a teburin falo ya jera zaɓi har talatin.

Matarsa takan leƙo ta ce, "Baban 'yan biyu, kai da ka san abin da za su ba ka?"

"Bar ni dai, wata rana kwamfutar za ta ji kunyata."

Ba ta ji ba. Kullum jiran kira take ba shi: kaya a goge, jaka a bakin ƙofa, waya a aljihu. In wani matuƙi ya kasa zuwa, ofishin tsara aiki zai bugo, cikin awa biyu kuma dole yana filin jirgi. Wani lokacin ya yi kwana biyar ba a neme shi ba, har ya gyara duk famfon gidan, da wanda ya lalace da wanda bai lalace ba.

Wata Talata da hantsi ya gaji da zama, ya tafi shagon mai aski. Injin aski ya gama da gefen dama na kansa ke nan, waya ta yi ƙara.

"Yallabai, minti biyar kawai," in ji mai aski.

"Ko ɗaya ba ni da shi!"

Ya fice a guje, ya sa kaya, ya danna hula har kunne. Sai da ya zauna a kujerarsa cikin jirgi ya tuna dole ya cire hular kafin ya ɗora abin sauraro. Kyaftin ɗin, wata mata mai shekara ashirin a aikin, ta dube shi ta saman tabarau, ta yi dariya har da hawaye.

"Kada ka damu, ƙanena. Ni lokacin da nake jiran kira, da takalmi ƙafa ɗaya baƙi, ɗaya ruwan ƙasa na taɓa zuwa."

Ranar ta bar masa saukar jirgin, ya kuwa ajiye shi a hankali kamar an shimfiɗa tabarma.

A watansa na goma a aikin, kamfanin ya ɗauki sababbin matuƙa goma sha biyu. Da sakamakon zaɓi ya fito, Auta ya karanta sau uku: tafiye-tafiyen sassafe ne waɗanda manya ke gudu, amma nasa ne, da kwanan wata, har da hutun kwana huɗu a jere. Ya kwashi iyalinsa suka tafi wajen mahaifiyarsa.

Tsohuwa ta saurari bayanin duka, sannan ta ce, "To yanzu kai ne shugabansu?"

"A'a, Mama. Ni ne na goma sha uku daga ƙasa."

"Madalla," ta ce, ta yafa mayafi ta tafi gaya wa maƙwabta an yi wa ɗanta ƙarin girma.